Abin Shaƙar Inna

Wata la'asar a gidanmu na Kontagora, fuka ta tasar wa Inna, ƙirjinta na kuka kamar sarewa. Baba ya danna mata shuɗin abin shaƙar da likita ya bayar, ba komai a ciki. Kaka ta turo kaskon garwashi da busasshen ganyen zaƙami.

"Malam, ka gama da kayan asibitinka? Koma gefe ta shaƙi hayaƙi."

Da ƙyar numfashin ya dawo.

Ni ce na feshe shi a mayafina da safe, na zaci turare ne. Shekaruna shida lokacin. Har Inna ta rasu tana cewa maganin asibiti bai karɓe ta ba, ni kuwa ban taɓa gyara mata zancen ba.