Gudun da Jabiru Ya Yi a Abhur

Surayya na tsaye a bakin ruwan Abhur tana cizon yatsa, don mijinta Jabiru ne na ƙarshe a tseren da ake yi a kan ruwan. Shi ke koya wa baƙin otal hawan allon nan mai ƙyallen iska da ke tashi sama da ruwa, kuma mudir, wato manajan otal ɗin, ya ce in ya sake kunyata su, halas, shi ke nan, ya nemi wani aikin.

Duk wahalar da ta sha da atisayensa kenan! Gudun asuba, ɗaga ƙarfe, ranar hutu da ba a aikensa ko kasuwar Bab Makka, dafaffen ƙwai ba gishiri. "Tsari ne, ke ba za ki gane ba," haka yake ce mata.

Can sai wani farin jirgin ruwa ya taso a bayansa. Jabiru ya waiwaya sau ɗaya. Allon ya ɗaga, ya wuce mutanen gabansa kamar an harba shi. Ya ci tseren, amma bai tsaya ba. Ana tafi, shi yana ƙara nisa.

Da la'asar ya shigo gida ba takalmi, yana haki.

"Sun tafi? 'Yan sintirin? Iƙamata, takardar izinin zamana, ta mutu fa!"

"Jirgin alƙalan tsere ne, Baban Hikima," in ji Surayya.

Washegari Surayya ta dafa masa shinkafa da mai, ta zuba gishiri son ranta.

"Yalla, ci. Tsarin nan halas, ya ƙare. Iƙamar dai kar ka sabunta sai an yi tsere na gaba."