Baƙon Firijin Goggo Tasalla

Tun da aka fara sayar da firijin nan da ke buɗe wa mutanen Iran ɓarauniyar hanyar shiga intanet, Ɗanliti mai gyara bai taɓa jin ƙorafi irin na Goggo Tasalla ba. Firijin lafiyarsa ƙalau. Duk wanda ya ratsa daga Tehran, 'yar fitila ce take ƙiftawa a murfin.

"A ce mutum ya bi ta gidanka, ko sallama babu?" in ji Goggo. "Gyara min, su riƙa gaisuwa."

"Goggo, ɓuya fa suke yi. Gwamnatinsu tana jin sunansu, sai kurkuku."

"To, ai akwai mai tarbiyya guda. Jiya da hantsi ya yi min sallama da Hausa tiryan-tiryan, ya tambayi baƙina, su wane ne, 'yan wace unguwa."

Ɗanliti ya dafe ƙirji. "Ɗan leƙen asiri ne! Me kika gaya masa?"

"Me na sani? Labarin gwiwata na ba shi, da akuyar da ta cinye min zogale, da rabon gonar marigayi. Ana kiran la'asar ya ce zai je ya dawo. Ban ma kai ga bikin Delu ba."

Ɗanliti ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Yaron kirki," Goggo ta ce, tana goge murfin. "Har cewa ya yi in gaishe ka, wai yaya jikin 'yarka?"

Dariyar ta tsaya cak. Bai gaya wa kowa zazzaɓin yarinyar ba, ko Goggo.