Hoton Bakin Gada

Taufiƙ ya shigo zaure sanye da koriyar rigar da kamfani ke raba wa ma'aikata ranar aikin sa-kai. Nafisatu ta amsa sallamarsa a hankali, amma ba ta shimfiɗa masa tabarma ba.

"Albishirinki, an ƙara min girma saboda sharar asibitin nan da muka yi," in ji shi. "Jibi kawuna zai zo a sa mana rana."

Rigar ta kalla, ba fuskarsa ba.

"Na ga allon da kuka kafa a bakin gadar Binuwai. Ga hotona riƙe da kwano, an rubuta wai mabukatan da kamfani ya ciyar. Fura na dama na kai maka ranar, Taufiƙ, don kana shara cikin rana. Baba ya daina fita kasuwa, abokansa sai tambayarsa suke yaushe ya karye."

"Haba Nafi, hoto ne kawai. Asibiti ya amfana, mu ma mun amfana."

"Allah ya ba ku lada. Amma ina tsaye daraktanku ya tambaye ka da Faransanci ko ni wace ce, kuma ina jin Faransanci. Me ka ce masa?"

Ya sunkuyar da kai yana murza hularsa.

"Cewa ka yi wata ce daga unguwa." Ta gyara mayafinta. "Ka ce wa kawunka ya hutar da ƙafarsa. Ka shiga unguwar ka nemo ta, ita za ka aura."

Ta shige gida ta bar shi tsaye.