Tsumman da Ya Kashe Batir

"Alhaji, zafi ne ya kashe batirin nan," in ji bakanike, yana leƙa ƙarƙashin kujerar bayan jif ɗin mai aiki da fetur da lantarki. "Ta ramin nan yake shan iska. Wane mai ganganci ne ya toshe shi?"

Ya zaro wani tsumma ya miƙo masa.

Nan take Alhaji ya gane shi. Gefen zanen mahaifiyarsa ne, wadda suka binne da damina. Duk ranar da ya kwana a ƙauye, sai ta bi motar tana toshe kafar ɓera, kamar yadda take yi wa rumbunta.

"Malam, sa sabon batir kawai," ya ce.

Ya ninke tsumman a hankali, ya sa a aljihun ƙirjinsa.