Kawunan Igwa a Gonar Kwari

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai, Masanin abin da ƙasa ta ɓoye. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Jevdet ya juye buhunsa a gaban Usta Rifat, tsohon maƙerin ƙauyenmu, wanda duk yankin Bitola babu wanda ya kai shi sanin kawunan harsasan igwa na tsohon yaƙi. Tun farkon kaka na'urar gano ƙarfe ta Jevdet take kuka a gonarsu ta kwari, kusan kowane mako sai ya tono kan harsashi na tagulla. Wannan rabo ya sa ya bar zancen hawa tudu, inda harsashi mai rai ya halaka mahaifinsa.

Rifat ya juya guda a tafin hannu. "Wannan na Faransa ne, dubi zoben lambobinsa. Wancan na Jamus. Dukkansu matattu ne, sun riga sun tashi. Amma ɗana, kwarinku a bayan dutse yake, igwa ba ta taɓa kai masa ba." Ya shinshina. "Shekara ɗari a ƙasa, yana warin gishiri da tsami? Shuka maka ake yi, kai kuma kana girbi."

Nan take zuciyar Jevdet ta tafi ga Nejat, abokin hamayyarsa a wannan nema, wanda tudun ya zama nasa shi kaɗai.

Da rana mahaifiyarsa Zulfiye ta ba shi haƙuri cewa kabejin bana da ta tsima a ruwan gishiri ya taso a ganga ya lalace, don babu abin danne shi. Bai saurara ba. Ya ce, "Inna, gonar ta ƙare. Ranar Asabar zan hau tudu."

Ya lissafa cewa mai binnewar yana zuwa ne lokacin da maza ke masallaci, Nejat kuwa ba ma'abocin sahu ba ne. Don haka ya bar sallar Juma'a, Allah Ya gafarta masa, ya laɓe a bayan shinge riƙe da sanda.

Ana cikin huɗuba ya ji takun mutum, a hankali, sannan ƙarar fartanya. Ya zagayo, ya ɗaga sandar.

Wadda ya tarar a durƙushe, tana tura tagulla ta ƙarshe da ta rage a gidan, daga cikin waɗanda take danne kabeji da su, cikin ƙasa tana roƙon Allah Ya sa ta ishi ɗanta har dusar ƙanƙara ta rufe tudu, Zulfiye ce.

Allah Ya tsare marubuci da mai karatu, Ya jiƙan iyayenmu baki ɗaya.