Babban Yatsan Tela

Kana mamakin yadda magidanta masu gemu suke komawa kan tsofaffin gem ɗin nan na zamanin kaset, waɗanda ba komai a cikinsu sai wani ɗan mutum yana gudu yana tsallake ramuka, alhali ga sababbi nan kamar fim. To bari in ba ka misali, ka auna da kanka.

Wani tela ne ya faɗi da babur, hannunsa na dama ya karye. Aka yi ɗori, ƙashi ya haɗu, amma da aka kwance sai aka tarar babban yatsansa ya ƙage, ba ya lanƙwasuwa. Tela kuwa da wannan yatsa yake sarrafa almakashi. In ba yanka, ai ba ɗinki. Likitan gashin ƙashi ya ba shi ƙwallon roba, ya ce ya riƙa matsawa safe da yamma, in ya dage yatsan zai saki. Ya matsa na 'yan kwanaki, bai ga abin da ya canza ba, ya cilla ƙwallon ƙarƙashin gado. Aka lulluɓe keken ɗinkinsa da tsohon zani, masu kawo ɗinki suka koma shagon gaba, shi kuma ya fara cigiyar mai sayen keken, har wani ya taya. Wani abokinsa ya aro masa sabuwar na'urar gem don ta ɗebe masa kewa, irin wadda mutanen cikinta har gumi suke yi. In ka faɗi, ta tashe ka daidai inda ka faɗi. In ka daɗe kana fama, ta tambaye ka ko a sauƙaƙa maka. Tela ya ɗan taɓa ta, ya ture gefe. Ya ce ita ma sannu take yi masa, shi kuwa ya ƙoshi da sannu: matarsa sannu, maƙwabta sannu, har mai shayin bakin layi sannu.

Ana nan sai yayarsa ta zo da wata baƙar leda. Ta tono tsohuwar na'urarsu ta yarinta ce daga bayan kwanukan mahaifiyarsu. Farinta ya koma ruwan ƙasa, wayarta duk naɗin salatif. Ba ta tambayi hannu ba. Ta jona a talabijin, ta hura kaset ɗin, ta goga a gefen mayafinta, ta danna. Allo ya kawo zane-zanen banza. Ta zare ta sake hurawa, sai ga kiɗan nan mai kama da kukan gyare ya cika ɗakin. Ta zauna a tabarma ta yi ta gudu da ɗan mutumin, ta haye gadar da katakonta ke zubewa, ta tsallake babban ramin da ke bayanta, sannan ta miƙa masa. Ta ce, "Ungo. Da hannu biyu lafiyayyu ma a ramin nan kake ƙarewa, balle yanzu." Ya ce, "Haba Yaya, ni fa na koya miki gadar nan." Ta ce, "To nuna mana." Ta yafa mayafinta ta tafi, ta bar masa na'urar.

Madanni biyu ne kacal ƙarƙashin babban yatsan dama, ɗaya na tsalle, ɗaya na gudu. Kansa bai manta komai ba: ya san inda dodo zai ɓullo, ya san katakon da zai fara faɗuwa, ya san daidai inda ake tashi sama. Yatsan ne ke makara. Ya faɗa ramin farko, wanda ko yana yaro bai taɓa faɗawa ba. Ransa na wasa ya ƙare, gem ya mai da shi farko, ba lallashi, ba tambaya. Abin da ya taso masa ba baƙin ciki ba ne, haushi ne, kuma haushi ya fi baƙin ciki ƙarfin tura mutum. Ya sake, ya sake. Yatsan ya yi tsami, ya tsoma shi a ruwan ɗumi, ya dawo. Ka ga, ƙwallon roba ba ta taɓa gaya masa ko ya ci gaba ba. Nan kuwa ramukan suna inda ya bar su tun yana ɗan firamare, ba wanda ya matsar da su don tausayinsa. Saboda haka da ya ga jiya a ramin farko ya tsaya, yau ya kai bakin gada, ya san ba alfarma aka yi masa ba, yatsan ne ya motsa.

Ya daɗe a gadar nan. Ranar da ya tsallake babban ramin, ya ɗaga waya zai kira yayarsa, sai hoton ya ɗauke: salatif ɗin wayar na'urar ne ya warware. Ya jawo sabo ya naɗa, ya miƙa hannu ya ɗauki almakashi ya datse, duk hankalinsa na kan allo. Sai da ya ajiye almakashin ya tsaya yana kallon hannunsa. Ya ɗauko wani ƙyalle ya yanka. Layin ya ɗan karkace, amma ya yanku. Da yamma ya je shago ya yaye zanin da ke kan keken, ya aika wa mai saye cewa an fasa. Ɗinkin farko da ya yi, rigar yayarsa ce. Ta juya ta ciki da bai, ta ce wuyan bai daidaita ba, ta saka abarta ta tafi.

Sabuwar na'urar ba ta da laifi, ta fi kyau nesa ba kusa ba. Amma Hausawa sun riga sun faɗa: da tsohuwar zuma ake magani.