Wayar da Aurelio Ya Gani Ya Yi Shiru

Ruwan safe ya ɗauke, ciyawar sansanin masu hutu da ke bakin kogin Uruguay ta jiƙe sharkaf. Dattijon da ake kira Don Aurelio na zaune a kujerar tafi-da-gidanka ƙarƙashin rumfar motarsu mai ɗaki, yana kallon Fabián na jan wayar wuta zuwa sandar lantarki.

Babu wanda ya nemi shawararsa kafin a taho da mutumin nan. Shi ke tuƙa motar, shi ke gasa nama, shi ya san inda cokula suke. Duk lokacin da Aurelio ya tambayi matarsa Nélida, amsar ɗaya ce: "Taimakonmu yake yi, tsoho."

Taimako! Aurelio ba yaro ba ne.

Ɗazu ya ga Nélida ta haɗa shayinsu na ganyen mate, ta fara miƙa wa Fabián ƙoƙon. Ya ga ta kai hannu ta cire masa wani ɗan ganye daga wuya, ko waige-waige ba ta yi ba. Ita har yanzu gashinta baƙi wuluk, tafiyarta kamar ta budurwa. Shi kuwa hannuwansa sun fara rawa, maɓallin riga ma sai ta saka masa.

Amma idonsa bai mutu a kan waya ba. Aikin lantarki ya yi har ya tsufa, a tashar lodin hatsi. Kallo ɗaya ya yi wa wadda Fabián ke ja, ya ga komai. Robarta ta tsage a tsakiya, an naɗe wurin da salatif, kuma daidai nan ne ya kwanta cikin kwatamin ruwa. Ƙafafun filogin sun yi baƙi don zafi. Ta ukun, wadda ke kai ɓatacciyar wuta ƙasa, ta karye tun tuni.

Ya buɗe baki zai yi magana, sai ya ji dariyar Nélida. Wani abu Fabián ya faɗa mata, ta dake shi a kafaɗa, ta ɗauki tawul ta nufi kogi.

Aurelio ya rufe bakinsa.

Fabián ya soka filogin, ya ɗaga makunni. Firjin cikin mota ya fara gurnani. Fabián ya shiga ya fito yana fito da baki, takalman roba a ƙafarsa, ko a jikinsa.

Aurelio ya miƙa bayan yatsansa a hankali ya shafi jikin motar. Wani ɗan zir ya bi hannunsa har gwiwa. Wuta ta hau ƙarfen.

Ya koma ya jingina. Rana na yin sama mutumin zai cire takalman nan, haka yake yi kullum. Ba mutuwa yake masa fata ba. Wutar dai ta fizge shi ta watsar a gaban Nélida, ta ga irin gwanin da ta kwaso.

Fabián ya tsuguna wajen murhu yana hura gawayi. Ya tuɓe riga. Bai tuɓe takalma ba.

Sai ga ta ta dawo daga kogi ta bayan motar, ba ta hanyar da ta bi ba. Ruwa na ɗiga daga gashinta, ƙafarta ba takalmi, tana tsallake laka. Ta miƙa hannu za ta kama mariƙin ƙofa.

"Nélida! Kada ki taɓa!"

Ta tsaya cak, hannunta a sama. Aurelio bai san lokacin da ya tashi ba. Kujera ta kife, ya yi tuntuɓe da butar shayi, ya isa sandar ya danne makunnin da tafin hannu. Firjin ya yi tsit.

Ya zare filogin ya jefa a gaban Fabián. Maƙwabta sun leƙo daga tantunansu.

"Duba nan, sakarai! Wannan kake kira waya? Ba a naɗe tsagaggiyar waya a jefa ta a ruwa, yar da ita ake yi! Ina ƙafa ta uku? Bai ishe ka kana zagayen matar mutum ba, sai ka kashe min ita?"

Fabián ya ɗauki filogin ya juya shi. Fuskarsa ta canza, ya dubi ƙafafunta tsirara a cikin laka.

"Kun yi gaskiya, Don Aurelio. Yanzu zan shiga gari in sayo sabuwa."

"Ka tafi kada ka dawo!"

Ta kama hannun tsohon ta shigar da shi ciki, ta ba shi ƙwayarsa ta rana da ruwa, ta cire masa takalma. Ya riƙe yatsunta gam.

"Gaya min gaskiya, Nélida. Son sa kike yi?"

Ta gyara masa matashi. Sannan ta sumbaci goshinsa.

"Kwanta ka huta, tsoho. Ina nan."

Da numfashinsa ya daidaita ta fito. Fabián na zaune a kan akwatin ƙanƙara, ya yanke wayar gida biyu don kada wani ya tsinta ya yi amfani da ita. Ta zauna kusa da shi, ta ɗora kai a kafaɗarsa.

"Ka yi haƙuri. A gaban mutane ya ci maka mutunci."

"Na cancanci fiye da haka, Mirta. Kuma ai na saba. Ranar da na je neman aurenki ma korata ya yi."

Ta yi 'yar dariya, ta share ido da gefen tawul.

"A ranar dai ya san ni 'yarsa ce. Tun da muka binne Mama, in ya dube ni ita yake gani."